Littafin bashi da gonar auduga: zaman 'yantattun bayin Amurka bayan 1865

A watan Disamba na 1865 aka tabbatar da gyara na 13 a kundin tsarin mulkin Amurka, wanda ya haramta bauta a ƙasar baki ɗaya. Mutum kusan miliyan 4 ne suka fita daga hannun iyayengijinsu, akasarinsu a jihohin kudu inda ake noman auduga, rake, shinkafa da taba. Sun fita ne hannu rabbana. Ɗakin da suke kwana na ubangida ne, haka fartanya da alfadari da irin shuka, kuma ba a biya kowa ladan shekarun da ya yi yana aiki ba. Inda ma aka biya diyya, kamar birnin Washintan a 1862, masu bayin aka biya, har dala 300 a kan kowane kai.

Su kansu 'yantattun sun san abin da suke bukata, sun kuma faɗe shi ƙarara. Ranar 12 ga Janairu 1865, ana dab da ƙare yaƙin basasa tsakanin gwamnatin tarayya da jihohin kudu da suka yi tawaye, Janar Sherman na sojojin tarayya ya zauna da shugabannin coci baƙaƙe 20 a birnin Sabana na jihar Jojiya. Mai magana da yawunsu, Garrison Frazier, ya nuna cewa a ba su ƙasa su noma da hannunsu, sauran kuma su san yadda za su yi. Bayan kwana 4 Sherman ya ba da umarnin a yanka filayen bakin teku, tun daga Calistan har arewacin Fulorida, a raba wa kowane gida abin da bai wuce eka 40 ba. Mutum wajen 40,000 suka zauna a kan eka kusan 400,000, suka yi shuka. A watan Afrilu aka harbe Shugaba Lincoln. Wanda ya gaje shi, Andrew Johnson, ya yafe wa manyan masu gandayen da suka yi tawaye, ya ce a mayar musu da filayensu. A watan Oktoba aka tura Janar Howard, shugaban hukumar kula da 'yantattu, tsibirin Edisto don ya gaya wa mutanen da suka riga suka noma wurin cewa su yi yarjejeniyar aiki da tsofaffin iyayengijinsu ko su tashi. A ganina duk abin da ya biyo baya daga nan ya samo tushe, domin wanda ba shi da gona dole ya karɓi sharaɗin mai gona.

Shekarun farko sun yi tsanani ƙwarai. Hanyoyi sun cika da masu neman 'ya'ya da mata da iyayen da aka sayar zuwa wasu jihohi, wasu na tafiyar ɗaruruwan mil a ƙasa, wasu na sa cigiya a jaridun coci shekara da shekaru. Waɗanda suka taru a sansanonin gefen garuruwa agana ta yi musu ɓarna, kwalara ta biyo baya a 1866. Hukumar kula da 'yantattu, wadda aka kafa a watan Maris na 1865, ta raba abinci, ta buɗe asibitoci da makarantu, amma jami'anta ba su taɓa wuce kimanin 900 ba a duk faɗin kudu. Jami'i ɗaya kan riƙe yankin da ke da dubban mutane, kuma babban aikin da aka ɗora masa shi ne ya ga sun koma gona.

Majalisun jihohin kudu ba su ɓata lokaci ba. Dokar Misisipi ta Nuwamba 1865 ta ce kowane baƙin mutum ya mallaki takardar shaidar wurin aiki kafin Litinin ta biyu a watan Janairu, kowace shekara. Wanda ya bar aiki kafin wa'adi ya yi asarar duk ladan da ya tara a shekarar, kuma kowa na iya kamo shi ya mayar, a biya mai kamun dala 5 da senti 10 a kan kowane mil daga cikin ladan wanda aka kamo. Wanda ba shi da takarda ana tuhumarsa da zaman banza, a ci shi tara, in ya kasa biya a miƙa shi ga duk wanda zai biya tarar ya yi masa aiki. An hana su hayar gona a wajen gari. Yaran da aka ce marayu ne, ko iyayensu ba su da hali, kotu na ba da su "koyon sana'a", kuma tsohon ubangida ne ke da fifiko wajen karɓa. Karolina ta Kudu ta sa harajin dala 10 zuwa 100 a shekara ga baƙin da ke son wata sana'a ban da noma ko aikin gida, wato maƙeri da kafinta da tela su biya kuɗi kafin su taɓa kayan aikinsu. Majalisar tarayya ta rushe waɗannan dokoki a 1866 da bayanta, amma bayan janye sojojin tarayya a 1877 yawancinsu sun dawo da sabon salo: ba a ambaci launin fata a rubuce ba, sai dai kowa ya san wa ake kamawa.

Da farko masu gandaye sun so a ci gaba da aiki kamar dā, ƙungiya-ƙungiya a ƙarƙashin mai sa ido, a biya lada na dala 10 ko sama da haka kaɗan a wata ga namiji, tare da abincin mako: garin masara kamar kilo 5 da rabi, da kitsen alade mai gishiri kamar kilo ɗaya da rabi. Sau da yawa ana riƙe rabin ladan sai ƙarshen shekara. Tsarin bai daɗe ba. Masu gandayen ba su da tsabar kuɗi, domin kuɗin gwamnatin 'yan tawaye ya zama takarda kuma bankunan kudu sun rushe. Amfanin 1866 da na 1867 bai yi kyau ba, aka sallami ma'aikata da yawa ba ko sisi. Su kuma 'yantattun sun ƙi aikin ƙungiya da ƙararrawa da bulala. Mata da yawa suka rage fita gona don su kula da gidajensu, yara suka tafi makaranta. Masana tattalin arziki Roger Ransom da Richard Sutch sun ƙiyasta cewa sa'o'in aikin gona da baƙaƙe ke yi sun ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku, abin da masu gandaye suka kira lalaci, alhali mutane ne suka koma yin aiki daidai da na kowane ɗa.

Daga wannan ja-in-ja aka sauka a kan noma-mu-raba. Aka yayyanka gandu zuwa gonakin eka 20 zuwa 40, kowane iyali da tasu. Taswirar gandun iyalin Barrow a Jojiya ta nuna canjin sarai: a 1860 ɗakunan bayi a jere suke kusa da gidan ubangida, a 1881 kuwa sun watsu ko'ina cikin gandun, ga coci ga makaranta. Wasu ɗakunan ma jan su aka yi da alfadarai zuwa sabon wuri. Wannan nasara ce ta gaske, kada a raina ta. Mutum ya samu tashi da safe ba mai tsaye a kansa, ya samu matarsa da 'ya'yansa sun yi nesa da idon ubangida.

Matakan manoman da ke noma gonar wani uku ne. A ƙasa akwai wanda ba shi da komai sai ƙarfinsa: mai gona ya ba shi fili, ɗaki, alfadari, garma, iri da itacen girki, a raba amfani biyu, kuɗin taki da na gurza kuma kowa ya ɗauki rabi. A tsakiya akwai mai alfadari da garmarsa, wanda ke ba mai gona kashi ɗaya cikin huɗu na auduga da ɗaya cikin uku na masara. A sama akwai mai biyan haya tsayayya, kuɗi ko adadin dilolin auduga da aka yanke tun farko. Alfadari guda shi ne tazarar da ke tsakanin ba da rabi da ba da rubu'i, shi ya sa mutuwar alfadari ke mayar da iyali baya da shekaru.

Shekarar aiki kan fara a Janairu da yarjejeniya, wani lokaci a rubuce, mutum ya yi alamar gicciye a ƙasan takardar da bai iya karantawa ba, sau da yawa kuma da baki kawai. Janairu da Fabrairu sharar gona da kaftu. Maris a tayar da kunya a zuba taki. Afrilu a yi shuka, kuma ana zuba iri da yawa ne a jere, don haka daga Mayu zuwa Yuni kowa da ke gidan sai ya ɗauki fartanya a rage tsiron, a bar tazarar faɗin bakin fartanya tsakanin shuka da shuka, a kuma bi ciyawa sau biyu ko uku. In ruwa ya yi yawa a wannan lokaci ciyawa ta rinjayi iyalin, mai gona na da ikon ɗauko 'yan ƙodago ya rubuta kuɗinsu a kan manomin. A Yuli ake ajiye garma a ɗan huta. Daga ƙarshen Agusta har Nuwamba ko Disamba tsinka ce, kuma da yake audugar ba ta buɗewa lokaci ɗaya sai an bi gona sau uku. Mai tsinka na jan dogon buhu a kafaɗa, a sunkuye ko a durƙushe, ƙaiƙayin kwanson na yanka gefen farce. Babban mutum mai hannu kan tsinki laba 150 zuwa 200 a yini, wato kilo 70 zuwa 90. Sai an tara kimanin laba 1,500 ta auduga mai angurya kafin injin gurza ya fitar da dila ɗaya mai laba 500. Gona mai matsakaicin kyau kan ba da dila ɗaya a eka 2 zuwa 3. Makarantun baƙaƙe na karkara da wannan kalanda suke tafiya: a buɗe lokacin hutun Yuli da kuma bayan tsinka, a rufe da zarar gona ta kira.

To, daga Maris zuwa kaka me iyali za su ci? A nan ne gizo ke saƙar. Mai gona, ko mai kantin da ke mararrabar hanya, shi ke ba da gari, kitse, gishiri, yadi, takalmi da kananzir bashi, yawanci wata 6, daga Maris zuwa Agusta. Jinginar bashin ita ce audugar da ba a ma shuka ba tukuna. Jihohi sun yi dokar da ta halatta wannan jingina tun 1866 da 1867. Da zarar mutum ya jinginar da amfaninsa ga kanti ɗaya, babu wani kantin da zai ba shi ko allura, domin ba abin da ya rage da zai jinginar. Ke nan ba ya iya taya kaya, ba ya iya zuwa wani wuri ya gwada farashi.

Kowane kaya a kantin farashinsa biyu ne, na kuɗi hannu da na bashi. Ɗauki masarar da ake sayarwa dala 1 kuɗi hannu, a rubuta ta dala 1 da senti 25 ga mai bashi. Mutum zai ce ƙarin kashi 25 cikin 100 ne. Amma bashin ba shekara yake yi ba. Wanda aka ci a Maris ya yi wata 8 kafin biya, na Agusta wata 3, a tsakaice kimanin wata 5 ke nan. Kashi 25 a wata 5 daidai yake da kashi 60 a shekara, kuma kusan wannan adadi ne Ransom da Sutch suka samu da suka bi farashin kantunan Jojiya na shekarun 1880. Wasu masu kantin kan ƙara kuɗin ruwa a kan jimillar a ƙarshen shekara, bayan ƙarin da ke cikin farashin.

Mai kanti kuma shi ke faɗin abin da za a shuka, kuma auduga yake so. Ba ta ruɓewa, tana da kasuwa kullum, iyali ba za su iya cinye ta a ɓoye ba, kuma dole ta bi ta injin gurza inda ake ƙirga ta. Masara da dankali da lambu kuwa rage cinikin kanti suke yi. Sai aka wayi gari manomi na shuka auduga har bakin ƙofa yana sayen masarar da aka kawo daga arewa a jirgin ƙasa. Kowa ya ƙara auduga, farashi ya dinga sauka, har ya faɗi ƙasa da senti 6 a laba a 1894. Ƙasar ma ta gaji da shuka iri ɗaya, bukatar taki ta ƙaru, takin kuma bashi ne.

Bari mu buga lissafi na misali don a ga yadda abin ke kasancewa ranar rabo. A ƙaddara iyali sun shuka auduga eka 20, shekara ta yi kyau, sun samu dila 8. A senti 9 kowace laba, dila ɗaya dala 45 ce, jimilla dala 360, rabonsu dala 180. A cire rabin kuɗin taki, a ce dala 25. A cire rabin kuɗin gurza da buhu da ƙarfen ɗauri, a ce dala 12. Kayan kantin da za a saya dala 100 kuɗi hannu an rubuta su dala 125. Saura dala 18, ladan mutum biyar ko shida na shekara guda, in ba a kira likita ba kuma ba a yi jana'iza ba. Yanzu a bar komai yadda yake, a sauke farashi zuwa senti 6. Jimilla ta koma dala 240, rabonsu 120, abin cirewa yana nan dala 162. Sun ƙare shekara da bashin dala 42, wanda za a buɗe shafin baɗi da shi, da kuɗin ruwansa. Wannan fa in an yi gaskiya a lissafin ke nan.

Ba kullum ake yin ta ba, kuma ƙofofin cuta a bayyane suke. Littafin a hannun mai gona yake, ba a ba manomi kwafi. Sikelin nasa ne. Shi ke kai auduga kasuwa, shi ya san farashin da aka saya da darajar da aka ba ta, manomi sai abin da aka gaya masa. Angurya, wadda ta samu kasuwa bayan an fara matse mai daga cikinta, sau da yawa ba ta shiga lissafin. A 1870 kusan kashi 80 cikin 100 na baƙaƙen Amurka ba su iya karatu ba, tunda a zamanin bauta koyar da bawa laifi ne a yawancin jihohin kudu. Doka ma ta tsaya wa mai gona. Kotun ƙolin Jojiya ta yanke a 1872 cewa mai noma-mu-raba ɗan ƙodago ne kawai da ake biya da amfani, ba shi da mallaka a kan abin da ya shuka sai an raba. Karolina ta Arewa ta yi doka a 1877 da ta bar amfanin duka a hannun mai gona har sai shi ya ce an kammala lissafi. Wanda ya ɗebi buhu ɗaya daga gonar da ya noma ya sayar, sata ya yi. A yankuna da dama an haramta cinikin auduga mai angurya bayan faɗuwar rana don a toshe wannan hanya.

Wanda ya iya lissafi ma bai tsira ba, domin musanta maganar farar fata na iya jawo duka ko kisa, kuma masu taya alƙali yanke hukunci duk farare ne. A 1919 auduga ta yi tsada, manoma baƙaƙe a yankin Elaine na jihar Akansas suka kafa ƙungiya suka nemi lauya, bukatarsu a ba su lissafi a rubuce da farashi na gaskiya. Daren 30 ga Satumba aka yi harbi a cocin da suke taro. A kwanakin da suka biyo baya gungun farare da sojoji suka bi ƙauyuka, aka kashe baƙaƙen da masana tarihi da dama ke ƙiyasta sun haura 100. Farare 5 suka mutu, kuma baƙaƙe 12 aka yanke wa hukuncin kisa, sai bayan shekaru ana shari'a aka sake su.

Makamin da ya rage wa manomi shi ne tashi, kuma a kowane Disamba da Janairu iyalai da yawa kan ɗora komatsansu a keken alfadari su koma wani gandu. Shi ma an yi masa shinge. Akwai dokar da ta hana wani mai gona ɗaukar wanda ke cikin yarjejeniya da wani. Akwai haraji mai nauyi a kan dillalan da ke zuwa neman ma'aikata don wasu jihohi. Sabon mai gona kan biya tsohon bashin ya rubuta shi a nasa littafin, bashin ya bi mutum. Shari'ar Alonzo Bailey ta Alabama ta nuna iyakar abin. Ya karɓi kafin alƙalami na dala 15 a kan aikin shekara guda a dala 12 kowane wata, ya yi wata ɗaya da 'yan kwanaki ya bari. Dokar jihar ta ɗauki barin aikin a matsayin shaidar cewa tun farko zamba ya nufa, ta kuma hana shi faɗin niyyarsa a gaban kotu. Aka yanke masa kwana 136 na aiki mai tsanani. Kotun ƙolin Amurka ta soke dokar a 1911, amma aikin biyan bashi na dole bai ƙare a ƙauyuka ba.

Gyara na 13 kansa ya bar ƙofa, domin ya halatta aikin dole ga wanda kotu ta samu da laifi. Jihohin kudu suka riƙa ba da hayar fursunoni ga masu haƙar kwal, masu shimfiɗa layin dogo, masu yankan katako da masu gandaye. A 1876 Misisipi ta mayar da satar alade ko saniya babban laifi mai ɗaurin da ya kai shekara 5, fursunoninta suka tashi daga 272 a 1874 zuwa 1,072 a 1877. Mai ƙaramin laifi ma ana haɗa masa tara da kuɗin kotu da na ɗan sanda da na shaidu, kwana 30 su zama wata da watanni. A zamanin bauta mai bawa na asara in bawansa ya mutu. Ɗan kwangilar da ya yi hayar fursuna ba ya asarar komai, wani za a kawo masa, shi ya sa mace-mace suka yi yawa a waɗannan sansanoni. A 1898 kusan kashi 73 cikin 100 na kuɗin shigar jihar Alabama daga hayar fursunoni ya fito. A Afrilun 1911 ramin kwal na Banner ya fashe ya kashe mutum 128, kusan dukkansu fursunoni baƙaƙe. Sai a 1928 jihar ta daina.

Gidan manomi ɗaki ɗaya ne ko biyu na katako, a ɗora a kan duwatsu ko kututture, taga ba gilashi sai murfin katako, ana liƙa tsofaffin jaridu a bango don tare iskar hunturu. Mai gona ba ya gyara, mazaunin kuma ba zai gyara ɗakin da zai iya bari a Janairu ba. Gidaje da yawa ba su da masai, yara na yawo ba takalmi, tsutsar ciki mai shiga ta tafin ƙafa ta samu wuri. A ƙasashen fadama kuma ga zazzaɓin cizon sauro. Abinci uku ne kusan kullum: burodin garin masara, kitsen alade, da baƙin ruwan rake mai kauri da ke saura bayan an fitar da sukari. Yana cika ciki, amma ba shi da sinadarin niyasin da jiki zai iya ɗauka. Sakamakonsa cutar felagara: fata ta yi baƙi ta daddare a duk inda rana ke bugu, gudawa ta biyo, daga baya hankali ya gushe. Ta fi tashi a ƙarshen hunturu da farkon bazara, bayan watannin da kanti ya rufe bashi kuma babu ganye. Mutanen Meziko da suka rayu a kan masara shekaru dubbai ba ta dame su ba, saboda suna dafa ta da farar ƙasa, abin da ke saki sinadarin. Likita Joseph Goldberger ya nuna tun 1915 cewa daga abinci cutar take, madara da ƙwai da wake da nama na maganinta, amma manyan kudu da yawa suka ƙi yarda, domin yarda na nufin amsa cewa ma'aikatansu na cikin yunwa.

A gari, ƙofofin da aka buɗe wa mata biyu ne, aikatau da wankau. Da yawa sun zaɓi wankau saboda a gidansu suke yi. Litinin a karɓo kaya, a ɗebo ruwa, a tafasa a tukunyar ƙarfe, a wanke da sabulun toka na gida, a sa sitaci, a goge da dutsen guga mai nauyi, a mayar kafin Asabar, duk a kan dala 4 zuwa 8 a wata, sabulu da itace kuma daga aljihun mai wankin. A Yulin 1881 mata 20 suka kafa ƙungiya a Atlanta suna neman dala 1 a kan kowace laba 12 ta wanki, cikin mako 3 suka kai 3,000. A gandayen rake na Luwiziyana aikin lada aka ci gaba da yi, ana biya da takardun da ba sa aiki sai a kantin gandu. Yajin aikin 1887 a can ya ƙare da kisan baƙaƙe aƙalla 30 a garin Thibodaux.

Duk da haka mutanen nan sun tara. Bankin ajiya na 'yantattu, wanda majalisar tarayya ta ba lasisi a 1865, ya karɓi kuɗin sojoji da masu wankau da manoma, da yawa suna zaton gwamnati ce ke tsaye masa. Shugabanninsa farare suka ba abokansu rance ba jingina mai ƙarfi, ya rushe a 1874 da ajiyar mutum sama da 61,000, kusan dala miliyan 3. An naɗa Frederick Douglass, tsohon bawa kuma fitaccen jagoran baƙaƙe, shugabansa watanni kaɗan kafin rushewar, lokacin da ɓarnar ta riga ta auku. Bayan wannan ma ba su daina ba. Sun gina coci-coci da makarantu da kuɗinsu da katakonsu, rashin iya karatu ya sauka zuwa kimanin kashi 30 cikin 100 a 1910. A shekarar kuma manoma baƙaƙe sama da 200,000 ne ke da gonar kansu, eka wajen miliyan 15, yawanci a ƙasa mai rairayi ko tudu wadda manyan masu gandaye ba su damu da ita ba. Ban san wani abu a wannan tarihi da ya fi wannan cancantar girmamawa ba, in aka tuna irin lissafin da suka tara kuɗin a ƙarƙashinsa.

Riƙe gonar ya zo da nasa tarkon. Da yawa sun mutu ba wasiyya a rubuce, saboda ba su amince da lauya da kotu ba. Gonar ta zama ta magada duka a dunƙule, bayan zuriya biyu ko uku masu haƙƙi su kai gommai. A dokar jihohin ta wancan zamani, duk wanda ya sayi kason magaji ɗaya, ko da wanda ke zaune a Shikago bai taɓa ganin gonar ba, na iya neman kotu ta yi gwanjon filin gaba ɗaya. Ta wannan hanya, da ta gwanjon haraji, filaye masu yawa suka fita daga hannun iyalai.

Noma-mu-raba bai mutu don an gyara shi ba. Ƙwaron auduga ya shigo Tekzas daga Meziko a 1892, ya isa Jojiya a 1915. Masana'antun arewa suka buɗe ƙofa lokacin yaƙin duniya na farko, aka fara ƙaurar da ta kwashi baƙaƙe kusan miliyan 6 daga kudu zuwa 1970. A 1933 gwamnatin Shugaba Roosevelt ta fara biyan manoma su rage auduga don farashi ya tashi, amma ta hannun masu gona kuɗin ke bi. Da yawa suka riƙe kason manomansu, suka sallami iyalan da ba su bukata, suka sayi tarakta. A 1944 wani gandu kusa da Clarksdale a Misisipi ya noma auduga ya girbe ta da inji tun daga shuka har tsinka, inji ɗaya na yin aikin mutum kusan 50. Dokar fanshon tsufa ta 1935 da dokar mafi ƙarancin albashi ta 1938 kuwa duk sun tsame ma'aikatan gona da masu aikatau, wato sana'o'i biyun da akasarin 'ya'ya da jikokin 'yantattun ke yi a kudu, kuma sai a shekarun 1950 aka fara shigar da su tsarin fanshon.